Neman shawara: an tsare mijin yayata a madadinta kan kuɗin fom ɗin tallafi

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Maganar a kan yayata ce wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Inna wajen haihuwar autanmu ta rasu, jini ya ɓalle mata da daddare, aka ɗora ta a amalanken shanu za a fita da ita bakin titi, ba a kai ba rai ya yi halinsa. Tun daga ranar Yaya ta kafe sai ta yi karatun lafiya. An yi mata aure ba ta gama sakandare ba, amma Allah Ya haɗa ta da miji na kirki, ya bar ta ta ƙarasa, ya sayar da tumakinsa da riɗin da ya noma ya kai ta makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Ta fito da takardar CHEW, wato ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko. Har yau ba a ɗauke ta aiki ba, sa-kai take yi a ƙaramin asibitin garinmu.

Inchajinmu namiji ne, a cikin gari yake zaune, ya zo a babur da hantsi, ana kiran azahar ya kulle kabad ɗin magani ya tafi. An taɓa turo mana ungozoma ta gwamnati, ba ta yi damina ɗaya ba ta nemi canji. To matanmu ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu, saboda haka komai dare ƙofar Yaya ake bugawa. Fitilar sola ta ɗakin haihuwa ta daɗe da mutuwa, da tocilan waya take aiki, uwar miji ko kishiya ta riƙe mata. Ladanta sabulu ne, ko naira 500, ko tiyar gero in an yi girbi.

Bayan ƙaramar sallah wani mutum ya zo da katin aiki rataye a wuya, ya ce daga ofishin tallafi yake, za a ba wa magidanta marasa ƙarfi naira 75,000, masu ciki da masu goyo za a fara ba wa. Ya ce a rubuta suna, lambar NIN da lambar waya, a ba da 1,500 kuɗin fom. Yaya ce ta rubuta masa matan da ke zuwa awo, su wajen 90, a littafin makaranta, kowacce ta dangwala yatsa da tawadar biro. Waɗanda ba su da waya ya ɗauki hotonsu da na takardar NIN ɗinsu, wai zai buɗe musu asusu. Daga nan shiru. Yanzu layinsa a kashe.

Mazan matan suka taso, ɗaya ya kai ƙara. Ranar Laraba 'yan sanda suka zo, ba su same ta ba, ta raka wata mai jijjiga babban asibitin Gumel. Sai suka tafi da mijinta. Yau Juma'a yana bayan kanta, ba hula ba takalmi, mutum mai hawan jini. Sun ce a kawo 60,000 na beli kuma a kawo ta. Ita kuma na kai ta gidan gwaggonmu a wani gari.

Ta kai kanta ne? Mu biya kuɗin? Ko mu fara biyan matan? Wallahi kaina ya kulle.

Maman Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya fitar da ku ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Inna. Maganar asibitin nan ta taɓa ni. Haihuwata ta uku da asuba muka je namu, mai gadi kaɗai muka tarar, ya ce malamar sai takwas. A barandar asibitin na haihu a kan zanin ƙanwar mijina. Da ta zo, maimakon sannu, faɗa ta hau mu da shi wai me ya sa ba mu zo da safar hannu da reza da auduga ba. Kuma kullum a rediyo cewa ake haihuwa kyauta ce. Irin su yayarka ne ke riƙe da mu a ƙauye, su ne kuma ba a ɗauka.

Baban Hanif:
Malam, ka natsu ka karanta abin da zan faɗa maka. Na yi aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, irin wannan ba yau na fara gani ba.

Kada ku ba da ko sisi. Tsare surukinka haramun ne a doka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama mutum a madadin wanda ake zargi, ko mijinta ne ko ubanta. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Daga Laraba zuwa Juma'a kai ma ka ƙirga. Beli kuma kyauta ne, a jikin bangon caji ofis da yawa ma an rubuta. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi tana da ofis a Dutse, haka ma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ka je ka rubuta koke, ka riƙe kwafi. Ita kuma Yaya ta fito, ta je da lauya ko da dagaci, da littafin nan a hannunta. Littafin shi ne shaidarta, a yi masa hoto shafi-shafi kafin ya bar hannunku.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda aka yi har mace mai sa-kai ta zama ita kaɗai ce asibitin gari guda. A 2009, zamanin Yar'adua, gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, MSS. Tsarin shi ne ungozoma huɗu a kowane asibitin da aka zaɓa, don a yi karɓa-karɓa dare da rana. Da aka ga ungozomomin ba za su isa ba, a 2014 aka fito da manufar da ta yarda a ƙara wa CHEW horo su riƙa karɓar haihuwar da ba ta da matsala. A shekarar dai aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Mazaɓu 287 ne a Jigawa. Manufofi ga su nan a takarda, amma an ɗora wa CHEW aikin ungozoma ba a ba ta takardar ɗaukar aiki ba. Wanda ba shi da albashi, duk wanda ya zo masa da kati a wuya zai saurare shi.

Ɗan Maigatari:
Baba, da girmanka, wannan dokar a littafi take. Yau Juma'a, kafin Malam ya je Dutse ya dawo an tashi daga ofis, sai Litinin. Bawan Allah mai hawan jini zai ƙara kwana uku a siminti saboda sashe na 36? Ni an taɓa kama yarona na shago kan wayar da ya saya a kasuwa bai san ta sata ba ce. Na tsaya ina cewa beli kyauta ne, sai aka ce to mu haɗu a kotu, aka ƙara masa laifi a takarda. Ƙarshe abin da na kashe ya ninka na farko. Malam ka ɗauki dagaci da liman ku je bayan la'asar, a roƙa a rage, 20,000 ko 25,000 za su karɓa. Ku fito da mutum tukuna, sannan a yi maganar doka.

Baban Hanif:
Irin wannan shawarar ce ta sa ba za a daina ba. Ka biya yau, gobe su kama ita Yayar su sake yanka wani kuɗin. Sau biyu kenan.

Hajiya Ungozoma:
Ɗana, sannu da wannan jarrabawa. Ina cikin waɗanda aka dawo da su aiki a MSS bayan na yi ritaya. Alkawarin da aka yi mana shi ne tarayya ta ba da 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana. Na tarayya ne ya fi zuwa, shi ma da jinkiri. Inda aka tura ni, ɗakin ajiyar kaya aka share mana, ba banɗaki, ruwa sai an aiki yaro rijiya. Mu huɗu aka tura, kafin shekara ta zagayo saura ni kaɗai, domin sauran 'yan mata ne masu jiran aure. Saboda haka kada ku zagi wadda ta nemi canji daga garinku, ba ku san inda aka ce ta kwana ba. Yanzu ma ga shi Hukumar Nas da Ungozoma ta ce sama da 15,000 sun bar ƙasar a 2023 kaɗai. Na birni sun tafi waje, na ƙauye sun koma birni.

Amma akwai wuraren da ka tsallake a labarinka. Baƙo ba ya faɗowa gari ya wuce mai unguwa, ya wuce inchaji, ya tafi kai tsaye wajen matar aure. Wa ya kawo shi? Inchaji ya sani? Sunayen daga rijistar awo ta kwaso su? Kuma a cikin 1,500 ɗin nan an ba ta wani abu ko ba a ba ta ba? Ka faɗa mana gaskiya, domin su can za su tambaya.

Mai tambaya:
Hajiya na gode. Mutumin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, mun yi NCE tare, ni na kai shi wajenta. Kuma ba haka kawai na kai shi ba, na ga hotunansa a Facebook wajen rabon kayan tallafi tare da manya, kowa ya gani zai yarda. Matata ma tana cikin littafin, ni na biya mata 1,500 ɗin, da na san ƙarya ne zan sa kuɗina? Abin da ya ba Yaya 200 ne a kan kowane fom, ya ce kuɗin wahala da katin waya. Mace ta shekara da shekaru tana aiki ba albashi, don an ba ta 200 shi ne ta zama ɓarauniya? Inchaji ba ya nan lokacin, kuma ko yana nan ba ruwansa da komai. Rijistar awo kuwa ita ke cike ta, ba wani sirri ba ne a wajenta.

Baban Hanif:
To Malam, da ka faɗi wannan tun farko. Magana ta canza. 200 sau 90 naira 18,000 kenan, kuma a idon mai bincike ba kuɗin wahala ba ne, kaso ne. Kai ma sunanka zai fito, gara ka shiga da ƙafarka a matsayin mai ƙara, tunda kai ma an karɓi kuɗinka kuma kai ka san gidan su mutumin.

Don amfanin kowa a zauren nan: tallafin 75,000 gaskiya ne akwai shi. A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar, 25,000 sau uku, ga magidanta miliyan 15. Amma daga rijistar marasa ƙarfi ta ƙasa ake ɗauko sunaye, ita kuwa ana tara jama'ar gari ne a fili su fitar da mabuƙatansu, sannan jami'ai su bi gida-gida. Ba a sayar da fom. Haka aka yi a na zamanin Buhari mai 5,000 a wata da ake biya 10,000 duk wata biyu. Kusa da ku nan, a Gagarawa da Buji da Kiri Kasamma, an yi shirin tallafin masu ciki da kuɗin Ingila ta hannun Save the Children da Action Against Hunger, 3,500 a wata daga baya 4,000, tun daga ciki har yaro ya shekara biyu. Ka tambayi matan can ko an karɓi kuɗin fom. Macuta suna fakewa ne da shirin gaske, shi ya sa ake yarda da su. Kuma ruɗanin ya ƙaru tun Janairun 2024 da aka dakatar da minista Betta Edu kan batun naira miliyan 585 aka tsayar da shirye-shiryen na wani lokaci, talaka ya kasa gane wanne ke tafiya wanne ya tsaya.

Ina nan kan bakana: ba biyan kuɗin beli, ta fito, ku je tare.

Ummu Salma:
Kowa yana ta yayarsa da mijinta, matan fa? Mace mai ciki ta sayar da kazarta ta kawo 1,500 saboda ta yarda da wadda ke karɓar haihuwarta. Kuma ni ba kuɗin ne ya fi tsorata ni ba, hoton fuska da NIN ɗin da ya kwasa ne. An yi wa mahaifiyata irin haka, sai da muka je buɗe mata asusu aka ce ai akwai wani a sunanta, kuɗi na shiga suna fita, ita ko karatun boko ba ta yi ba. Muka yi ta zirga-zirga kafin a rufe. In aka yi damfara da asusun, wadda sunanta ke kai za a nema. Ku tara matan ku gaya musu, a kai rahoto a rubuce cewa an kwashi bayanansu. Kuma ku mayar musu da kuɗinsu, haƙƙi ne.

Ɗan Maigatari:
135,000 kenan fa Hajiya, malamin firamare ina zai samo? Su mayar da 18,000 da ta ci, sauran a nemi mai kati.

Baban Hanif:
Kada a mayar da komai yanzu sai a gaban hukuma kuma a rubuce. In kuka raba kuɗi a zaure, za a ce kun amsa laifi.

Matar Ɗan Sanda:
Ni dai mijina ɗan sanda ne a wani ƙauye, kuma ba zan ce abin da aka yi wa surukinka daidai ne ba. Amma ku sani motar ofis ɗinsu ba mai, takardar rubuta bayani ma da kuɗinsa yake saya, kaki shi ke ɗinka wa kansa. Mutum goma sha ne ke kula da garuruwa fiye da talatin. Kowa ya zage su, ba mai tambayar yadda muke kwana. Shawarata, kada ka tsaya da na kan kanta, ka nemi ganin DPO da kansa, sau da yawa bai ma san kuɗin da aka yanka ba. In bai saurare ka ba akwai kwamandan yanki, akwai kuma sashen karɓar koke na rundunar da aka kafa tun 2015. Amma ɓoye ta da ka yi shi ne babban abin da zai ɓata muku. A wajensu wanda ya gudu shi ne mai laifi.

Mai tambaya:
Ba gudu ta yi ba, ni na ɗauke ta, kuma ko yanzu aka sake haka zan yi. Ba ku ga yadda mutane suka cika ƙofar gidanta ba, har da waɗanda ta karɓi haihuwar 'ya'yansu uku huɗu. Tana da goyo ɗan wata bakwai. Ku ce in kai ta ta kwana a caji ofis ranar Juma'a? Baba ka ce in kai ƙarar mutumin, to mahaifinsa dattijo ne da ake ganin girmansa, na aika masa ya ce a ba shi mako guda zai nemo shi. In na kai ƙara yanzu na rufe wannan ƙofar. Kuma ina aikin gwamnati, sunana ya shiga takardar 'yan sanda, sakataren ilimi ya ji, me zan ce?

Dagaci ya ce zai raka mu amma sai an riƙe wani abu a aljihu. Kawunmu ya ce a sayar da buhun gero biyu.

Hajiya Ungozoma:
Ɗana, rijistar awo amana ce, ko ita ke cike ta. Wannan ka bar kare shi. Amma ni yanzu hankalina yana kan asibitin. Wa ke kwana a can tun Laraba? Cikin mata 90 ɗin nan dole akwai waɗanda watansu ya kama. Ka je wajen shugaban kwamitin raya mazaɓa yau, su kira shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a turo ko mutum ɗaya na wucin gadi. A sanar a masallaci: mace ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko naƙuda ta wuni ta kwana, kada a tsaya jiƙo, a wuce babban asibiti. Ku nemi direbobin tasha da aka horar a shirin Haihuwa Lafiya in akwai su a yankinku, a riƙe lambarsu. Tun Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi, in an kai mace a tambaya ko asibitin na cikin shirin.

Maman Walid:
Wallahi Hajiya mu an yi wa ƙanwata tiyata bana, sai da aka sayar da akuya. Jini kaɗai leda biyu muka saya.

Baban Hanif:
Mako gudan da dattijon ya nema, lokacin da ɗansa zai tsallaka Nijar ne, daga Gumel zuwa iyaka tafiyar minti nawa ce? Malam, kana kare aikinka da mutuncin uban abokinka, surukinka na kwance a siminti. Ka turo min saƙo ta wajen admin in rubuta maka koken yanzu, kai dai sa hannu kawai za ka yi.

Mai tambaya:
Baba na gode, amma ba ka san mutanen garinmu ba. In takarda ta shiga, zumunci ya ƙare, kuma a nan za mu ci gaba da zama. Za mu zauna da su kawu bayan isha'i. Yaya ta kira tana kuka ta ce ita gobe za ta dawo ko an kama ta, wai akwai mai ɗauke da tagwaye da ta sa wa ido. Na ce ta tsaya tukuna.

Ɗan Maigatari:
Ku je da 25,000, kada ku nuna kuna da fiye da haka.

Baban Hanif:
Kada ku je da komai.

Maman Ihsan:
Don Allah 'yan'uwa, mu ma a garinmu ta wajen Ringim an zo an karɓi NIN ɗinmu da 1,000 watan jiya, an ce na masu goyo ne. Ta yaya mutum zai duba ko an buɗe asusu da sunansa? Ni ba ni da BVN.